Kaska a bayan kunnen yarona, don Allah masu sani ku shigo

Maman Hanif: Slm jama'ar gida barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Yanzun nan ina yiwa Hanif wanka naji wani dan abu a bayan kunnensa, na dauka datti ne ko kurji, dana haska da fitilar waya sai naga abu da kafafu ya kafa kai cikin fata. Kaska ce wlh amma yar mitsitsiya ko kwayar ridi bata kai ba. Shekaranjiya makarantarsu suka kaisu yawo cikin daji, mu kuma a jihar Pennsylvania ta Amurka muke, makociyata ta taba cemin kaskar nan wata cuta wai Lyme take sakawa. Babansa yana aikin dare ni kadai ce a gidan. Ban taba ta ba tukunna, me zan sa mata ta fita?

Kawu Bello: Wslm. Haba yata kaska ce abin tada hankali? mu da muka tashi cikin shanu kullum sai mun cire ta a jikinmu. Ki diga mata kalanzir ko ki kyasta ashana ki hure ki dangwala mata da zafin, da kanta zata saki. In babu ki toshe ta da basilin ki barta.

Anti Nas: Kawu ku yi haƙuri zan katse ku, Maman Hanif kar ki sa komai. Ba kalanzir, ba wuta, ba basilin, ba farce. Ki nemo hantsaki mai siririn baki, irin na cire ƙaya ko na gyaran gira, ki kamo ta daga can ƙasa dab da fata inda bakinta ya shiga, ba cikinta ba. Sai ki ja sama a miƙe a hankali, kar ki murɗa kar ki fizga. In ta fita ki wanke wurin da ruwa da sabulu ko ki goge da sifirit. Ita kuma kaskar kar ki murje ta da yatsa, ki manna ta a salatif ko ki jefa a ƙaramar leda ki ɗaure, ki ɗau hotonta. In ɗan guntun bakinta ya saura a fata kuma ya ƙi fita da sauƙi ki ƙyale shi, kar ki yi ta tonon yaro, fata za ta fitar da shi.

Kawu Bello: To ikon Allah. Shekara nawa muna yin haka ba wanda ya mutu Hajiya

Anti Nas: Allah ya ƙara lafiya Kawu, ba gardama nake ba. Matsalar basilin da su kalanzir ita ce jira ake yi kaska ta ga dama ta saki, mu kuma lokaci muke tsere da shi. Ƙwayar cutar a cikin hanjin kaskar take zaune, sai ta fara shan jini sannan ƙwayar ta motsa ta taho zuwa yawunta, shi ya sa galibi sai ta wuce kwana guda a manne kafin ta zuba wa mutum, kuma duk awar da ta ƙaru haɗarin ƙaruwa yake. Ga kuma ƙuna da za a yi wa yaro a bayan kunne a banza.

Maman Hanif: Alhamdulillah na cire ta gaba daya harda kan, tana ma motsi a ledar. Cikinta ya dan kumbura yayi toka toka. Wurin yayi dan ja kadan. Shikenan ko sai naje asibiti?

Anti Nas: Madalla. Ɗan jan da kika gani yanzu na cizo ne kawai, ba shi ne alamar cutar ba, cikin kwana ɗaya biyu zai baje. Amma gobe da safe ki kira likitan yara ki gaya masa abu uku: a Pennsylvania aka cije shi, kina zaton tun shekaranjiya take manne, kuma cikinta ya kumbura. Akwai magani da ake bayarwa sau ɗaya tak na kariya, doksisaikilin, in kaskar irin mai baƙaƙen ƙafafun nan ce, ta kai awa 36 a jiki, kuma ba a wuce awa 72 da cire ta ba. Babba miligiram 200 ake ba shi, yaro kuwa da nauyinsa ake aunawa, don haka ba abin da za ki raba masa a gida bane. In ba ki samu likitansa ba ki je sha-ka-tafi mafi kusa, kar ki bari awa 72 ɗin ta wuce.

Abban Yusra: Anti Nas ta gama magana a kan wannan, ni wani gefen zan taɓo wanda nake ganin ya fi shafarmu mu baƙaƙen fata. Ƙanin matata a Wisconsin yake, aikin yankan ciyawa yake yi da bazara. Shi ko kaskar bai gani ba. Zazzaɓi ya kama shi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da kasala, kun san mu, nan take yace maleriya ce, alhali rabonsa da gida an fi shekara uku. Ya buɗe akwati ya ɗauko maganin maleriyar da aka aiko masa ya sha, ya ɗora da farasitamol, zazzaɓin ya lafa da kansa yace ai kun gani. Abokin ɗakinsa ya taɓa ce masa akwai wani faffaɗan tabo a bayansa wajen kafaɗa kamar ya bugu da wani abu, baƙi baƙi haka da ɗan duhu a gefe, baya ƙaiƙayi baya ciwo shi yasa bai kula ba. Bayan wasu makonni ya tashi da safe yana kurkure baki ruwa na zuba ta gefe ɗaya, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, baki ya karkace. Da aka kira gida kuwa nan da nan aka ce iska ce ta buge shi a nemi rubutu. Mu dai muka tura shi asibiti da ƙarfi don mun ji tsoron shanyewar ɓarin jiki. Tambayar farko da likita ya yi bayan ya duba shi ita ce wane aiki kake yi. Lyme ce. Ya sha magani fuskar ta koma daidai a hankali, amma da tabon nan aka bi tun farko da ba a kai nan ba.

Anti Nas: Wannan shi ne abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Yawancin hotunan da ake liƙawa a asibiti da waɗanda za ka gani a intanet na farar fata ne, ja jawur da zobe cikin zobe. A fatarmu ba haka yake fitowa ba. Wani lokaci duhu kawai wurin zai yi, ko ya yi kalar makuba, ko kamar jini ya kwanta, in ka taɓa ka ji ɗumi. Ko a turawan ma ba kullum yake yin zoben ba, sau da yawa faci ne guda kala ɗaya. Abin da za ku riƙe shi ne yana faɗaɗa. Yana fitowa tsakanin kwana 3 zuwa 30 bayan cizo, yawanci wajen mako guda, ya yi ta girma kwana bayan kwana har yana iya kai santimita 30. Wajen mutum 7 zuwa 8 cikin 10 na masu cutar suna yin tabon, sauran ba sa yi ko ba su gani ba saboda yana baya ko cikin gashi ko matsematsi. Maman Hanif ki riƙa duba jikinsa duka da hasken rana har wata guda ko da an ba shi na kariyar, in kin ga wani abu ki zagaye shi da biro ki ɗau hoto, gobe ki ga ko ya tsallake layin.

Sadik Ingila: Anti to ba sai a yi gwajin jini kawai a huta ba? Ni da nine tun washegari zan ce a ɗebi jini.

Anti Nas: Sadik nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Gwajin ba ƙwayar cutar yake nema ba, sojojin jiki da suka taso yaƙarta yake nema, su kuma sai sun ɗauki makonni kafin su taru. Ka yi gwaji washegari ko ma lokacin da tabo ya fara fitowa a ce maka babu, ka tafi gida da murna alhali tana nan. Shi ya sa in likita ya ga tabon mai faɗaɗa a kan wanda ke zaune ko ya je yankin da cutar take, magani yake rubutawa kai tsaye ba ya jiran jini. Sai a matakin gaba, irin na karkacewar fuska ko kumburin gwiwa, gwaji ke da amfani sosai. Kuma ta ɗaya gefen, wanda ya taɓa yi ya warke jininsa zai iya ci gaba da nuna akwai har shekaru, ba yana nufin bai warke ba.

Sadik Ingila: Na gane. Nan ma fa akwai ta, mutane na ɗauka ta Amurka ce kawai. New Forest da tsaunukan Scotland, har cikin Landan ma Richmond Park inda barewa ke yawo ana gargaɗi a kan kaska. Abin da na lura nan doksisaikilin na kwana 21 suke bayarwa.

Anti Nas: Eh kowace ƙasa da tsarinta. A nan Amurka in tabo ne kawai kwana 10 na doksisaikilin ko 14 na amoksisilin. Mai ciki amoksisilin ake ba ta. In gwiwa ce ta kumbura kwana 28. In ta taɓa zuciya sosai ko ta yi tsanani a jijiyoyi akan kwantar da mutum a yi masa seftiriyazon ta jijiya. Ita ta zuciyar ba ta da yawa amma ita ce mai tsoro, tana rikita bugun, in mutum ya ji jiri ko numfashi na yankewa ko ƙirji na dukan uku uku ko ya suma bayan cizon kaska, wannan ba ta jiran safiya bace.

Dan Jamus: Mu nan Bayern kaska kamar me, yaran makaranta ma sun san ta, a kemis ana saida wani dan kati mai tsaga na cire ta da zaka sa a walat. Ni dai hankalina kwance nida iyali duk munyi allurar kaska.

Anti Nas: Malam allurar da kuka yi ta wata cutar ce daban, FSME, ta bairos mai taɓa ƙwaƙwalwa, wadda ta yi yawa a kudancin Jamus. Kun kyauta da kuka yi don ita ba ta da magani sai rigakafi. Amma ba ta tare Lyme, wadda likitocinku ke kira Borreliose. Kaska guda ce ke ɗauke da su biyun. An taɓa yin allurar Lyme ta mutane a Amurka a 1998, aka janye ta daga kasuwa a 2002.

Dan Jamus: Innalillahi, ashe da sauran aiki. Wlh ni duk tunanina na gama da babin kaska

Kawu Bello: Ni fa cututtukan nan na turawa ban yarda dasu ba, su suke hada abinsu a dakin gwaji su saki sannan su saida magani. In ba haka ba ya akayi kaskar mu bata sa wannan

Sadik Ingila: Kawu da girmanku, wannan ta girmi ɗakin gwaji. Wani likita ɗan Suwidin mai suna Afzelius ya bayyana tabon nan tun 1909. Gawar mutumin da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, wanda ya mutu sama da shekara 5,000, an ga alamar ƙwayar a jikinsa. Sunan ne sabo. A 1975 yara da yawa a garin Lyme na jihar Connecticut suka riƙa kumburin gwiwa, ana ce wa iyaye amosanin gaɓɓai ne, wata uwa Polly Murray ta ƙi yarda ta kai maganar hukumar lafiya, Allen Steere na jami'ar Yale ya zo ya bincika. Sai 1981 Willy Burgdorfer ya ga ƙwayar cikin kaska, shi ya sa ake kiranta Borrelia burgdorferi.

Hajiya Ummi Kano: Ina ta binku shiru. To mu da muke gida fa, ga tumaki ga karnukan makota, muma sai mu fara tsoro kenan?

Anti Nas: Hajiya barka da dare. Lyme cutar ƙasashen arewa masu sanyi ce, Amurka da Kanada da Turai da wani sashe na Asiya, kuma wani jinsin kaska ne na musamman ke yaɗa ta, mai son dausayi da ruɓaɓɓen ganye a ƙasan bishiyoyi, tana ɗauko ƙwayar daga ɓeraye ta hayayyafa a jikin barewa. Kaskar shanunmu wasu jinsuna ne. Sai dai fa su ma ba tsarkaka bane, akwai zazzaɓin da suke sa mutane, akwai mai tsanani na zubar jini da ake kira Crimean-Congo wanda ya fi kama makiyaya da mahauta, a Senegal kuma an daɗe da gano wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da kaskar ramin ɓera ke sawa, ana ta ɗaukarsa maleriya. Inda Lyme ta shafe ku shi ne in ɗanku ya zo hutu daga irin su New York ko Jamus da rani ya kwanta zazzaɓi, gwajin maleriya ya nuna babu, ku gaya wa likita daga inda ya fito.

Kawu Bello: Wannan kam gaskiya ne, ko a shanu mun san inda kaska mai zanen nan tayi yawa nan kirci yake barkewa. Ni dai ashanata ce ban ga laifinta ba

Yaya Fati: Anti Nas ni tambayata daban. Akwai wata da muke aiki tare, tasha maganin an gama amma har yau bata dawo daidai ba, gajiya, mantuwa, ciwon jiki. Likitocin asibiti sunce mata ta warke, ta koma wani mai zaman kansa da inshora bata biya, shi kuma ya dora ta kan antibayotik wata da watanni yace cutar ce ta buya. Tace tana jin sauki. To wa za'a yarda dashi

Anti Nas: Fati wannan ita ce rigimar da ta fi zafi a kan cutar nan. Ciwon da take ji gaskiya ne, akwai waɗanda bayan magani gajiya da ciwon jiki ke bin su watanni, likitoci sun san da haka. Amma an gwada a bincike fiye da sau ɗaya, a Amurka da Holan, aka ba wasu antibayotik na dogon lokaci wasu aka ba su na bogi, ba a ga ribar da ta ɗore ba, illa kuwa an gani, gudawa mai tsanani da ciwon da ke shiga ta robar da ake sa wa a jijiya. Ni a ganina wanda zai karɓi kuɗinki a hannu wata bayan wata ya kamata ki tambaye shi yaushe ne ƙarshe.

Yaya Fati: Hmm. Saidai suma na asibitin da sun saurare ta da bata tafi can ba, minti biyar ake ganinta ace jininki lafiya lau. Mutum yana ciwo kace masa lafiyarsa kalau ai dole ya nemi mai jin kukansa

Anti Nas: Ban musa miki wannan ba ko kaɗan. Abin da zan ce ta nemi a duba mata wasu abubuwan, ƙarancin jini, maƙoƙo, barci, da sauran cututtukan da kaskar ke haɗawa da su. Akwai babesiya, ita jajayen ƙwayoyin jini take shiga, a madubin gwaji har kama take da maleriya, kuma doksisaikilin ba ya kashe ta, maganinta daban. Wannan ma mu ya kamata mu sani tunda da an ga ɗan Afirka da zazzaɓi maleriya ake fara kawowa.

Abban Yusra: Ƙarin bayani ga duk wanda aka ba doksisaikilin, daga abin da na gani wajen ƙanin nan namu: a sha da ruwa cikakken kofi kuma kar a kwanta nan take, yana ƙona maƙogwaro. Kar a haɗa shi lokaci guda da madara ko maganin ƙarin jini ko na gyambon ciki. Rana ma tana ƙona fata in ana shansa, shi ya ɗauka baƙar fata ta fi ƙarfin wannan sai da wuyansa ya saɓule.

Admin: Jama'a tunda maganar ta zo, walimar ƙungiya ta wata mai zuwa a filin shaƙatawa ne gefen daji kuma Mayu zuwa Yuli ne lokacin ƙananan kaskar nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta mutum kusan 476,000 ake yi wa maganin cutar nan duk shekara a Amurka, ba ƙaramin abu bane. Za mu shimfiɗa tabarmi a tsakiyar fili inda aka yanke ciyawa, ba gindin bishiya cikin ganye ba. Anti Nas a taimaka da abin da iyaye za su tanada.

Anti Nas: Maganin shafawa na korar ƙwari mai sinadarin DEET ko pikaridin a fatar da ke waje. Yara su sa dogon wando a cusa ƙafar cikin safa, kaya masu haske don a ga abin da ke hawa. Mu masu dogayen riguna da abaya mu kula, bakin zani na sharar ciyawa, ita kuma kaska ba tashi take ba ba tsalle take ba, a bakin ganye take jira ka goga ta kama. An dawo gida a yi wanka cikin awa biyu, kayan a jefa a na'urar busarwa da zafi sosai minti 10 kafin ma a wanke. Sai a duba hammata, cibiya, bayan gwiwa, matsematsi, ƙugu, cikin kunne da bayansa, da tsagar kitso ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma farmetirin, maganin kashe ƙwari da ake fesa wa takalmi da tufafi, ba fata ba, a bari ya bushe kafin a sa.

Dan Jamus: Farmetirin din nan in akwai mage a gida a kula, kafin ya bushe guba ne gareta, a waje ake fesawa

Hajiya Ummi Kano: Tsagar kitso daya bayan daya? mai yan mata hudu da kananan kitso ai sai ta kwana tana dubawa

Yaya Fati: Hajiya ai shiyasa ni nawa ranar shuku zan musu guda shida, dankwali kuma ba mai cirewa sai mun shiga mota. Admin a saka ni cikin masu kawo hantsaki, ina da biyu.